Karan Dawa Mai Gaɓa Goma Sha Ɗaya

Ɗana Hafizu makanike ne a Buza. Masu allurar dabbobi sun ba shi motocinsu guda uku, wato babura, irin masu dogayen ƙafafu da ake hawan duwatsu da su, yana gyarawa yana mayar musu Ibohamane. Da kansa yake hawa ya kai su ɗaya bayan ɗaya. Damina biyu da suka wuce korama ta kayar da shi, ya yi wata guda yana ɗingishi. Tun daga nan, duk ranar da ya tafi ba na iya cin tuwo sai ya dawo.

Da ya ce zai sayi mota mai rufi da za ta ɗauke su gaba ɗaya, na ce ƙafata ƙafarsa har Madawa. Ban san inji ba, amma na san awo, rumbu nawa na gina a Tama. Na sami karan dawa miƙaƙƙe, na auna moto daga tayar gaba zuwa wutsiya, na yanke daidai. Na ƙirga gaɓoɓinsa, goma sha ɗaya. Uwarsa Kulu ta ce in na tafi da kara birni, to kada in ce ni mijinta ne.

A tashar Buza aka ɗaure karan bisa mota tare da awakin wani mutum. Ni kuwa ina ciki ina ta addu'ar hanya.

Mai sayar da motar a Madawa, Obadiya, tsohon direba ne mai yawan dariya. Motoci biyu ya nuna mana. Ɗaya fara ce, ƙarama, tana ƙyalli. Ɗayar doguwa, shuɗinta ya koɗe, ta shekara tana jigilar albasa, warin ma bai fita ba. Hafizu ko kallonta bai yi ba. Ya shiga farar ya kunna rediyo, ya ce ita ce.

Obadiya ya ga kara a hannuna, ya tambaya ko akuya na zo kora. Na ce ya buɗe baya. Na shimfiɗa karan a ciki, aka rufe ƙofa, ta rufu lafiya lau, har da saura.

"To Baba, injiniyanka ma ya yarda," in ji Hafizu.

Na yi murna, amma hankalina bai kwanta ba. Haka nake, ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa. Na jawo karan na sake ƙirgawa. Tara. Na juyo ƙarshensa, sai ga shi a tattaune, babu alamar wuƙata.

"Awakin tasha sun ci awonmu," na ce.

Obadiya ya yi dariya har ya zauna bisa taya. Da ya huce, ya ce in ƙara tsawon gaɓa biyu mu gani. Na auna gaɓa biyu daga ɗaya ƙarshen na ƙara a kan karan, na sa alama a ƙasan motar. Awon ya wuce ƙofa da kamar taƙi ɗaya. Hafizu ya kashe rediyo. Ya ce da sai mun isa gida za mu gane, ya koma hawansu kamar da, mota kuma tana ajiye.

Muka gwada ta albasa. Awon ya shiga, ya bar wurin akwatin kayan aiki. Obadiya ya nuna mana ƙarafan da ake ɗaure buhuna, ya ce su za su riƙe motocin. Ya ce cikinta ya fi nisa da ƙasa, yashin korama ba zai kama ta ba. Hafizu ya toshe hanci ya ce wace yarinya ce za ta shiga wannan. Na ce wadda ta san miya.

Ita muka saya. Ranar Alhamis muka loda motocin ukun a cikinta, biyu suna kallon gaba, ta tsakiya tana kallon baya don ƙahoninsu kada su haɗu. Ƙofa ta rufu. Kulu ta tsaya tana kallo, ta ce ashe dai ni mijinta ne.

Na raka shi Ibohamane, ina zaune a gaba. Da muka zo koramar da ta kayar da shi, ya rage gudu ya sa giya, muka haye sumul. Na waiga, motocin suna tsaye a ɗaure kamar shanu a turke.

"Baba, mi kaka nema baya?"

Na ce babu komai. Na tambaye shi ko akwai sauran ƙosan da Kulu ta ƙulla mana, don yunwa nake ji.