Hannun Muntaka

Ƙanena Muntaka, Allah ya yi shi dogo mai manyan hannuwa, amma bai taɓa wuce randa bai yi karo da ita ba. In ya yi sallama, Inna kan janye ƙwaryar fura kafin ta amsa.

Khairiyya, ƙanwar matarsa da ke karatu a kwalejin Bici, ita ta raɗa masa suna da Turanci: kulamzi.

Na ce, "Ke, zagi ne?"

Ta ce, "A'a, Yaya. Ba wawa ake nufi ba, ba rago ba. Wanda jikinsa ba ya jin maganarsa ne, ya ɗauki abu ya suɓuce, ya taka ya yi tuntuɓe. Mutum har kansa yana faɗa wa."

Muntaka ya yi dariya tare da kowa. Ashe abin ya zauna masa a rai.

Matarsa Fadima ta haihu, aka yi suna, har ta dawo daga wankan jego, bai taɓa ɗaukar jaririyar ba. Mata suka ce kunyar 'yar fari ce, suna ta yaba masa. Ni dai na san ƙanena. Kunya ba ta sa mutum ya laɓe bayan danga yana leƙe kamar ɓarawon kaza.

Wata rana da hantsi ya dawo daga gona, na tare shi a zaure da yarinyar a kafaɗata.

"Zauna a tabarma. Miƙe ƙafa."

"Yaya, don Allah. Kin san ni. In ta suɓuce fa?"

Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya. "Kana zaune a ƙasa, ina za ta faɗa, rijiya?"

Na ɗora masa ita, na janye hannuna. Ya sandare, numfashi ma da ƙyar yake yi. Yarinya ta yi miƙa, ta gyara kanta a cikin tafinsa, barci ya ɗauke ta.

Na je na sauke tukunya na dawo, yana nan yadda na bar shi.

"Kawo ta haka nan, ƙafarka ta sage."

Bai ko ɗago ba. A hankali ya ce, "Bar ta tukuna, Yaya. Ita ba ta tsorona."