Baba Sifana da Injin Hagu

Shekara ashirin da shida ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin jiragen sama kafin ya ce shi ma zai tuƙa. A rumfar gyaran jirage kowa Baba Sifana yake kiransa, saboda wata sifana mai lamba goma da ba ta rabuwa da aljihun rigar aikinsa. Irin mutumin nan ne da jirgi zai wuce ta saman gidansa yana cin abinci, ya ajiye cokali ya ce injin dama yana son wanki. Ranar da ya ce zai ajiye aiki ya koyi tuƙi, yana da shekara arba'in da shida, abokan aikinsa suka yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya je ya yi rajista. Ya yi shekara uku yana zama aji ɗaya da sa'o'in 'yarsa, ya cinye jarrabawar takarda, ya tara awoyinsa a ƙananan jirage, har wani kamfani ya ɗauke shi mataimakin matuƙi. Sharaɗi ɗaya ya rage: ya ci gwajin ƙarshe a akwati.

Akwatin wani farin ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe shida, a ƙasan ofishin kamfanin. Cikinsa sak wurin zaman matuƙa, yana girgiza yana karkata kamar jirgin gaske, alhali bai bar ƙasa ba. Dokar kamfanin sau biyu ake shiga. Wanda ya faɗi na biyu, sai ya miƙa katin shaidarsa a bakin ƙofa.

Mai gwajin wata kaftin ce da ya sani tun tana sabuwar matuƙiya, lokacin shi yake sa hannu a takardar jirginta kafin ta tashi. Ta zauna a bayansa da allonta. A kujerar hagu akwai wani matuƙi da aka ba shi abokin zama. Suka taso, hancin jirgi ya ɗaga, sai injin hagu ya yi wani tari ya fara mutuwa.

Wallahi ya san abin da ake yi, ko daga barci aka tashe shi zai karanto. A taka feda a miƙar da jirgi, a riƙe gudu, a ɗage tayoyi, a hau sama, sannan a waiwayi injin. Amma idonsa ya riga shi. Ya sauka kan agogunan injin, zafi yana hawa, mai yana sauka a hankali, shi kuwa yana ta lissafi a ransa: famfo ne ko bututu? Yana cikin haka akwatin ya tsaya cak, fitilu suka kawo.

"Baba," in ji Kaftin, "daƙiƙa goma sha ɗaya idonka yana kan injin. Wa ke tuƙa jirgin?"

"Famfon mai ne," ya ce, tun kafin ya kama bakinsa.

"Shi ne. Ni na saka shi, ka kuma gane. Amma kana gab da tsaunin can da mutum ɗari da tamanin a bayanka." Ta rufe allon, muryarta ta yi ƙasa. "Ba na jin daɗin wannan, Baba. Kwana goma. Ka dawo min a matuƙi."

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Abin da ya fi iyawa a duniya shi ya kayar da shi, a gaban yarinyar da ya taɓa nuna wa inda ake duba tayoyi. Har ya isa gida yana tsoron ko shi dai bakanike ne har ƙashinsa, sauran duk rigar aro ce.

Matarsa tana kan keken ɗinkinta ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, ta ciji zare, ta ce, "To ai ni ban ji sabon abu ba. Ranar da na haifi Auta, ina naƙuda kana gyara musu ƙafar gadon asibiti."

"Gadon yana rawa ne."

"Ni ma rawar nake yi, Malam."

Washegari da yamma ya kafa hoton wurin zaman matuƙa a bangon falo, ya jawo kujerar cin abinci, ya ajiye silifas biyu a matsayin feda, ya riƙe murfin tukunya a matsayin sitiyari. Da ma haka yake bita. Sai ga matarsa da fankar tsaye ta dasa a gefen hagunsa. Gidan nan ko ƙofa ba ta isa ta yi ƙara ba, shekara ashirin da huɗu, amma yau da hannunta ta sassauta wani abu a bayan fankar. Ta bari ya yi nisa da kiran lambobin gudu da tsayi, sannan ta danna.

Fanka ta kama kakat-kakat.

"Injin hagu ya mutu," ta ce.

Ya taka silifas, ya riƙe murfi, ya yi daƙiƙa uku kamar gaske. Sai wuyansa ya juya. "Notin baya ne kika..."

"Ka kashe mu. Sake."

Ranar sau tara ya kashe su. Kwana na biyu ta ƙara da famfon kicin, ta bar shi yana ɗiga cikin kwanon ƙarfe. Kwana na huɗu Auta ta zo hutu daga jami'a, ta tarar da ubanta yana gumi a kan kujera, jijiyar wuyansa ta miƙe, uwarta kuma riƙe da agogo.

"Umma, me Abba ya yi miki?"

"Tuƙi nake koya masa. Miƙo min sifanar can."

Ta saka ta a aljihun keken ɗinki ta murɗa makulli. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, ya yi kwana biyu yana shafa aljihu kamar mai neman haƙorin da aka cire. Amma bai roƙa ba. Kullum da yamma sai ya zauna, fanka tana kakat, famfo yana ɗiga, ƙofar banɗaki ta koyi kuka, shi kuma yana kallon bango yana faɗin gudu da tsayi. Ya gane ba zai iya hana kunnensa ji ba. Abin da zai iya shi ne ya ji, ya bar abin a lalace, ya ci gaba da tafiya. A kwana na tara ya yi minti ashirin cur bai waiga ba. Matarsa ta kashe fankar, ta je ta goge masa farar rigarsa.

Ranar gwaji Kaftin ta gaishe shi da ladabi kamar kullum, sannan fuskarta ta koma ta aiki. Aka rufe ƙofar akwati. Suka yi gudu a titin jirgi, abokin zamansa ya kira lambar gudun da ake tashi, Baba Sifana ya ja sitiyari.

Wannan karon ba tari injin ya yi ba. Wata ƙara ce siririya da girgiza a ƙarƙashinta, irin wadda sau ɗaya ya taɓa ji a duk shekarunsa na rumfa, ya kwana uku kafin ya gano ta. Da gangan Kaftin ta zaɓa, ya sani. Agogunan suna nan a gefen idonsa, tazarar tafin hannu. Kallo ɗaya zai ishe shi.

Ya taka fedar dama har cinyarsa ta ɗauki zafi. Hancin jirgi ya dawo kan layi.

"Ɗage tayoyi," ya ce.

Gudu ya zauna. Suka hau a hankali, jirgin yana jan jiki da inji ɗaya, gumi yana bin bayan kunnensa. Sai da suka kai tsayin da littafin tuƙi ya ce, sannan ya buɗe baki.

"Duba min injin, ka gaya min abin da ka gani."

Abokin zaman ya karanto, suka bi takardar matakai layi-layi suka kashe injin hagu. Bai taɓa kashe inji ba tare da ya san ciwonsa ba, ya ji abin har ransa. Suka zagayo, ya sauke jirgin da ɗan ƙarfi, amma a tsakiyar titi.

Fitilu suka kawo. Kaftin ta daɗe tana rubutu.

"Baba, me ya sami injin?"

Ya dubi agogunan da suka riga suka mutu. Ya share hannunsa a wando.

"Ban sani ba, Kaftin. Ban duba ba."

Ta sa hannu a ƙasan takardar cin gwajin ta miƙo masa, kamar yadda ya sha miƙa mata tasa. Ya karɓa da hannu biyu.

Ya iso gida rana ba ta faɗi ba. Matarsa ta dubi fuskarsa daga bakin ƙofa, ta koma ciki. Ya ji ƙarar makulli. Ta fito ta ɗora masa sifanar a tafin hannu, idonta ya cika.

"Sannu da sauka, direba," ta ce. "Ka fara da famfon, ya hana ni sakat."