Amsar da Ruwan Kudu Ya Wanke

A ƙauyen nan da ke bayan Rimin Gado, ba wanda bai san Malam Muntaka da jarida a hammata ba. Turanci yake koyarwa a firamare. Ba labarai ne suka dame shi a jaridar ba, shafin baya yake nema, inda ake zana 'yan gidaje baƙi da fari, a ba ka ma'anar kalma, kai kuma ka nemo ta ka jera haruffanta gida-gida. Matarsa Hure ta gama aji bakwai kafin aure, don haka ya ja ta cikin wasan. In an yi la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, tana tsince wake yana karanto tambaya. In ta canka ya buga cinya ya ce, "Wallahi ke ya kamata a bai wa allin nan." In ta kuskure ya yi ta dariya, har mahaifiyarsa Inna Jumma ta leƙo ta ce wai me ke cikin takardar nan ne haka.

Sai ga shekarar da aka sallami ma'aikata rututu, har da shi. A shekarar ne kuma ruwa ya ɗauke, gero na da ciki. Suka cinye ɗan abin da ke rumbu, suka sayar da awaki, aka koma tuwon garin rogo da miyar kuka ba mai. Da rani ya tsaya, Muntaka ya bi motar Nababa, yayan Hure, direban da ke kai wake daga Dawanau zuwa Badun. A can ya samu wani mahauci ɗan garinsu, ya zama mai hura masa wutar tsire.

Kwalin tsofaffin jaridu ya bar mata, da ƙamusunsa mai yagaggen bango. Jaridun tana bai wa Tani mai ƙosai ta yi ƙunshi, ita kuma ta ɗan zubo wa yara. Amma kafin ta ba da kowace, sai ta sa reza ta yanke 'yan gidajen. Da la'asar takan zauna inda suka saba zama, ta cike wanda ta sani. In ta cije sai ta ɗago kai kamar za ta yi tambaya, ta tarar ba kowa sai kaji.

Ranar da Nababa ya biyo gaishe su, ta tare shi a zaure.

"Yaya, in ka je ka ce wa Malam, donkey's cry, harafi huɗu."

"Me kuma ke nan? Mutane na aika sallahun magi da sabulu, ke kina aika yaren nasara?"

"Kai dai riƙe."

Ta yi ta maimaita masa har ya hardace. Muntaka ya rubuto amsa a takarda, Nababa ya manta ya ƙunshe goro da ita. Da Nababa ya koma, Muntaka ya ce ya daina yarda da aljihun direba, ya nemi alli ya rubuta a jikin motar, manya-manya: BRAY. Hure ta yafa mayafi ta fito ƙofar gida ta tsaya tana kallo. Hannunsa ne, da 'yar jelar da yake ja wa Y.

"Wai kukan jaki ne," in ji Nababa. "Har kwaikwayonsa ya yi a tsakiyar kasuwa, Yarbawa suna waiwaye."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Da ta koma ɗaki kuma dariyar ta juye mata, ta daɗe ba ta fito ba.

Haka suka yi ta yi duk ranin. Tambaya ta tafi a bakin Nababa, amsa ta dawo a jikin mota, wani lokacin da ƙullin gari da ɗan manja. Yaran unguwa suka gane, da sun hango motar sai su rugo suna kiran, "Hure, an yi rubutu!"

Bazara ta yi, hadari na haɗowa yana watsewa, ta aika da light rain, harafi bakwai. Da motar ta dawo ta fito da sauri, sai ta ga DRI kawai, sauran duk farin zirin alli ne ya gangara ƙasa.

"Ruwa ne ya kama mu tun kafin Ilori," in ji Nababa. "Can kullum cikinsa suke."

Ta shafa wurin da yatsa.

"Bai faɗa maka da baki ba?"

"Ya faɗa, ta fice min." Ya sosa ƙeya. "Hure, mahaucin ya rufe tukuba. Malam ya wuce Fatakwal da wasu, ni kuma motata ba ta zuwa can. Ya ce in gaya miki in abin ya yi kyau yana nan tafe da babbar Sallah."

Ta shiga ta ɗauko ƙamus ta buɗe wajen D, tana bi da yatsa: drift, drill, drink, drive. Can ƙasa ta gan ta, drizzle, wato yayyafi. Ta ƙirga haruffan, suka cika cif. Ta rubuta su a gidajensu, amma ba ta ji daɗin komai ba. Ba ta ma san yadda ake furta kalmar ba, kuma daga bakinsa ta so ta ji.

Ruwa ya sauka a makare. Ita da Inna Jumma suka fita gonarsa, tsohuwar tana sara, Hure tana zuba iri tana takewa da diddige, goyo a baya. Babbar Sallah ta zo ta wuce, Muntaka bai zo ba. Wani ɗan Watari da ya dawo daga Fatakwal ya ce ya gan shi yana dako a bakin ruwa, ya rame, amma lafiyarsa ƙalau, kuma ya tambayi kowa da sunansa.

Geron ya yi, ba laifi. Ranar da Hure ta daka furar sabon gero, ta dama wa Inna Jumma, ta dama wa yara, sannan ta cika ƙwaryar maigida ta rufe da faifai ta ajiye a inuwa. Da yamma ta yi, furar ta fara tsami, ta kira yaran maƙwabta ta ba su suka shanye.