Bargon da Ba Ya Cin Wuta

"Zan buɗe maka ƙofata, Likita," in ji Ikoma, "amma ba a banza ba."

Suna zaune kan tabarma a ɗakin baƙi na masaƙar, shayi ya huce a gabansu, ƙarar injuna tana ratso bangon katako. Ikoma shi ne mai wurin, gajere mai kaurin wuya, farar ƙura har cikin girarsa. Abin da ake saƙawa a nan ba audugar gona ba ce, audugar dutse ce, wadda ake kaɗawa ta zama zare a naɗe bututun jiragen ruwa, don wuta ba ta cin ta. Baƙon kuwa Kuwabara ne, matashin likita daga wata jami'a a Osaka. Ya sa a ransa wannan ƙurar ce ke cinye huhun mutane tana haifar musu da ciwon daji, sai dai duk masaƙar da ya je, a bakin ƙofa ake sallamarsa.

"Faɗi sharaɗinka, Maigida."

"Ka ɗauki hoton ƙirjin yarana kaf. Ka nemo waɗanda ba su taɓa taka masaƙa ba, su ma ka ɗauka. In nawa sun fi lalacewa, rubuta ka kai wa gwamnati, ni zan riƙe maka jaka zuwa tasha. In kuwa babu bambanci, shi ma sai ka rubuta, ka buga hatiminka. Ba za ka lashe zumar ka bar mini kakin ba."

Kuwabara ya yi murmushi irin na yaron da ke ganin ya kama dattijo a hannu. "Na yarda. Kuma matan ma'aikatanka zan gwada da su. Shinkafa ɗaya suke ci da mazan, rijiya ɗaya, iska ɗaya. Bambancin kawai, miji na shiga masaƙa, mace ba ta shiga."

"Matan?" Ikoma ya kece da dariya har tari ya sarƙe shi. "Ka shirya kunnenka. Ciwon da ba ka tambaya ba ma sai sun gaya maka."

Da haka suka rusuna wa juna, magana ta ƙullu.

A tsakiyar zafi ya yi aikin, don lokacin ne jami'a ke ba da hutu. Matan suka yi layi da mafitai a hannu, suna yi masa tsiya yana sunkuyar da kai. Wata mai suna Tokie, matar mai kula da injin kaɗi, ta tsaya gaban na'urar ta ce, "Likita, in ka hango zuciyata a hoton, don girman iyayenka duba ko sunan mijina yana ciki. Ni dai na nema na rasa."

Ba ragon ma'aikaci ba ne, a faɗi gaskiya. Kowace ya tambaye ta ko ta taɓa aiki a masaƙa, ta ce a'a. Ko tana wanke kayan aikin mijin? A'a, a masaƙa suke wanka su bar kayan can, abin da Ikoma ke taƙama da shi ke nan. Har gidajensu ya bi ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar da tagogi a buɗe, tabarmi fes, ko silin ƙura babu. Ma'ajin bango kuwa a rufe suke, kuma baƙo mai tarbiyya ba ya cewa a buɗe masa ma'aji.

Da hotuna suka fito, huhun mazan ya yi hazo-hazo. Na matan ma haka, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ya duba ya sake dubawa har idonsa ya yi ja. Amma alkawari kaya ne. Ya rubuta cewa bai ga shaidar ƙurar na cutarwa ba, wataƙila hayaƙin gawayi ne ko tarin fuka da ya zama ruwan dare a unguwar. Ya buga hatimi. Ikoma ya sa takardar a gilashi ya rataye, sauran masu masaƙu suka zo suka kwafa.

Farkon sanyin shekarar wani ƙunshi ya iso gidan Kuwabara, kyauta daga matar Ikoma. Bargo ne na kan teburin ɗumi, irin wanda ake lulluɓa wa gajeren tebur da kaskon gawayi a ƙarƙashinsa, iyali su zura ƙafafu. Shuɗi ne, ɗinkin hannu, ga nauyi. Fumie, amaryar Kuwabara, ta rungume shi tana murna.

"Ka ga mutanen kirki," ta ce. "Kai ka je neman laifinsu, su sun aiko maka da ɗumi."

Daga nan ya bar zancen audugar dutse. Ya koma masana'antun rini, inda ya gano abin da ke sa ma'aikata fitsarin jini, aka hana amfani da abin. Ya shiga na roba, ya shiga na fenti. Ya zama farfesa, ana gayyatarsa ƙasashe, kuma akwai mutane da dama da suka ga jikokinsu saboda shi, ko sunansa ba su sani ba. Sai dai takardar farkon ba ta mutu ba. Duk sa'ad da masu saƙa suka kai ƙara, lauyan masu masaƙu ita yake zarowa, ya karanta sunan Kuwabara da ƙarfi, alƙali ya gyaɗa kai.

Shekara talatin da 'yan kai, Fumie ta fara haki a kan matakala. Aka zuƙe ruwa daga ƙirjinta, ya sake taruwa. Kuwabara ya karɓi hoton daga hannun tsohon ɗalibinsa, ya ɗaga shi ga haske, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ciwon daji ne na fatar da ke lulluɓe da huhu, wanda a lokacin duniya ta gama sanin abu ɗaya ne ke kawo shi, ƙurar audugar dutse.

Ya zauna gabanta ya yi mata tambayoyin da ya yi wa dubban mutane. Kin taɓa aiki a masana'anta? Babanki fa? Gidanku na kusa da tashar jiragen ruwa?

"Farfesa," ta ce, don haka take kiransa in za ta tsokane shi, "masana'anta ɗaya na sani, ita ce ɗakin girkinka. Albashin ma har yau shiru."

Ya yi wata biyu yana bin tarihinta kamar mai neman allura a ruwa. Har wata safiya rana ta fito da kyau, ta ce masa, "Ni hannuna ya daina ɗagawa. Fitar da bargon nan ka shanya a kan shinge, ka kakkaɓe shi. Ga mabugin can bayan ƙofa. Kada ka yi masa bugun farfesa, ka dage."

Tun da aka kawo bargon bai taɓa ganin ana kakkaɓe shi ba. Kullum sai ya tafi aiki take yi. Ya rataya shi, ya ɗaga mabugin ya buga. Ƙura ta tashi cikin hasken rana, amma ba ta sauka kamar ƙurar gida ba. Ta tsaya a iska tana ƙyalli. Ya ajiye mabugin a hankali. A gefe guda akwai wani faci, ya sa yatsa ya farke ɗinkin. Tsakanin auduga da auduga, ga wani shimfiɗi fari-toka, ya murtsuke shi ya ji santsin da ya sani, na audugar dutse.

"Wannan facin fa?" ya tambaya ta taga.

"Garwashi ne ya taɓa faɗa masa, tun 'yarmu Emiko na goye. Yadin kawai ya ci, ya mutu da kansa. Ai bargon nan ya taɓa ceton gidanka, ba ka sani ba."

Washegari ya hau jirgin ƙasa zuwa kudu. Masaƙar ta zama wurin ajiye motoci. Ya sami Ikoma a gida, ya rame kamar kara, robar iska a hanci. A kan ɗan teburin tunawa da mamata ga hoton matarsa, da turare yana ci.

"Me kuke sawa cikin barguna?" Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Sharar ƙasan inji mana," in ji Ikoma, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma. "A zubar? Abu mai kyau haka? Gidajen katako da takarda, ga gawayi a ƙarƙashin tebur. Kowace mace a unguwar nan tana da shi. Ba gidan ma'aikacina da ya taɓa ƙonewa."

"Ban ga ko ɗaya ba da na shiga gidajen."

"Da zafi ka zo, Likita. Wa ke shimfiɗa bargo da zafi?"

Kuwabara ya tambayi labarin Tokie. Ta rasu, da ruwa a ƙirji. Ya ambaci wata, ya ambaci wata. Ikoma sai gyaɗa kai yake. Can tsohon ya dube shi sosai, ya ga abin da ke fuskarsa.

"Uwargidanka?"

Kuwabara ya juya ya dubi hoton matar Ikoma.

"Mafi kyawun wanda ke gidanmu muka aiko maka," in ji Ikoma. "Matata ce ta ce a ninka masa sharar a ciki, baƙo ne mai daraja."

Ya koma gida ya naɗe bargon cikin leda ya kai ɗakin gwaji. Fumie ta ce ɗakin ya yi sanyi, ta tambayi ina ya kai shi. Ya gaya mata, don bai taɓa iya yi mata ƙarya ba. Ta juya ta dubi shingen.

"Emiko tana tsayawa kusa da ni in ina bugawa," ta ce. "Tana son ganin ƙyallin."

Fumie ba ta ga fitowar furanni ba, kafin sanyin ya wuce ta rasu. Kuwabara ya rubuta takarda ta biyu ya ƙaryata ta farkon, ya je kotu da ƙafarsa ya tsaya bayan masu saƙa, ya ce hatimin nan nasa ne kuma kuskure ne. A wannan karon suka yi nasara.

To wa ya ci, wa ya faɗi? Masu masaƙu sun ci, sun sami shekara talatin na shiru da hatimin mutumin kirki, yawancinsu sun rufe sun koma sayar da filaye kafin a waiwaye su. Lauyoyi sun ci ta kowane ɓangare. Ikoma ya ci cinikin, ya binne matarsa, shi ma bai daɗe ba. Matan unguwar ba a yi cinikin da su ba, su suka biya. Kuwabara ya sami gaskiyar da ya fita nema tun yana saurayi, a cikin gidansa ya tsince ta. Yanzu duk shekara yakan raka Emiko a ɗauki hoton ƙirjinta, ya karɓa ya ɗaga ga haske.