Bangon Hamsatu

Hamsatu ta shekara shida a ɗakinta, a wani ƙauye gabas da Keita, ba ta taɓa ganin laifinsa ba sai ranar da yayarta ta zo daga Tawa. Yayar ta dubi bangon laka, ta yi dariya ta ce, "Ke Hamsatu, wanga ɗaki ne ko rumbu?" Da wasa ta faɗa, amma maganar ta zauna a ran Hamsatu. Kafin ta tafi ta nuna mata hotunan ɗakuna a waya, masu bango kala-kala da zane.

Mijinta Aƙilu, wanda tela ne a bakin kasuwa, ya kawo mata ragowar fenti shuɗi daga wurin wani abokinsa. Ta shafa. Lakar ta shanye rabi, sauran ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Surukarta Cima, uwar Aƙilu, ta leƙo ta tarar da ita tana kankare bango da wuƙa, fuska a murtuke.

"Mi kike yi haka, ɗiyata?"

"Inna, kyau nike nema, na samo muni."

Tsohuwar ta murza ɓarɓashin fentin da yatsa. "Laka ba ta son wanga abu. Gobe da safe ki ɗauko buhu uku da jaki."

Tun tana budurwa Cima ta yi aikin furoje, wato shirin raya ƙasa, lokacin da matan yankin suka fito suna jera duwatsu da haƙa ramuka a kan tuddai don tare ruwan sama. Babu kwarin da ba ta sani ba. Ta kai Hamsatu gindin wani tsauni inda ruwa ya zaftare gaɓa, ga ƙasa nan a jere hawa-hawa: ja a sama, mai ruwan ɗorawa a tsakiya, fara tas a ƙasa.

"Nan muke hutawa da rana," in ji Cima. "Mukan shafa ta a fuska don wasa."

Kwana biyu Hamsatu tana daka ƙasar a turmi, tana tankaɗewa da rariya. Ta jiƙa kowace kala a ƙwaryarta, ta sake yaɓe bangon, ta shafe shi da tsumma: fari daga sama, ja daga ƙugu zuwa ƙasa. Da ya bushe ɗakin ya yi haske har ta kasa zama, ta yi ta shiga tana fita.

Ranar Juma'a Aƙilu ya sa farar rigarsa, ya jingina da bango yana ɗaura agogo. Da ya juya zai fita, Hamsatu ta dafe baki. Bayansa ya yi ja wur tun daga ƙugu. Bai yi faɗa ba. Ya tuɓe rigar, ya sa wata, ya ce, "Bangon ya yi kyau, amma a bar shi a gida, kada ya bi ni masallaci."

Hamsatu ta je wurin surukarta idonta cike da ƙwalla. "Inna, na bari. A mai da shi laka yadda yake."

Cima ta ce, "Ba ƙasar ta yi laifi ba, abin riƙe ta ne babu. Taho mu tafi."

Wannan karon kan tudu suka hau, cikin itatuwan dakwara. Cima ta dafa wata mai kauri ta ce layin nan duka da hannunta ta dasa, lokacin da wurin ba ko ciyawa. Suka bi itatuwan suna ɓamɓaro ƙaro har ya cika gefen zane. Suka jiƙa shi kwana ɗaya, suka tace.

Hamsatu ba ta sake yin gaggawa ba. Ta gauraya ƙasar da ruwan ƙaro, ta yi gwaji a bayan madafa, wuri huɗu, kowane da yawan ruwan ƙaronsa. Na farko da na biyu suka goge. Na huɗu ya tsage da ya bushe. Na uku ta murza da farin ƙyalle har hannunta ya gaji, ƙyallen ya fito fari.

Ta sake ɗakin daga farko. Da ta zo wurin zane, ta yanka kwali za ta kwaikwayi furannin da ta gani a waya, amma suka ƙi fita daidai. Cima ta karɓi tsinke, ta tsoma a ƙasa mai ruwan ɗorawa, ta ja rabin wata, ta ja wani a ƙarƙashinsa a kaikaice.

"Haka muke haƙa ramukan, kowane shina tare ruwan da ya kuɓuce wa na sama."

Hamsatu ta yanka kwalin a wannan siffa, ta zagaye ɗakin da ita layi uku.

Da yamma Aƙilu ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo. Hamsatu ta miƙa masa farar rigar ta ce ya sa. Ya sa, ya goga bayansa a bango kamar jaki mai ƙaiƙayi, ya juya mata. Babu ko ɗigo. Cima ta rangaɗa guɗa, abin da ba ta yi ba tun bikinsu, maƙwabta suka shigo da gudu suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Matan suka cika ɗakin, kowa na lakatar bango tana duba yatsa. Gajere magini, da ya ji labari, ya yi sallama ya roƙi a bar shi ya gani. Ya ƙwanƙwasa, ya tofa yawu ya murza, ya ce shekararsa talatin yana gini bai san ƙaro na wannan aiki ba.

Kafin damina ta sauka ɗakuna tara aka yi a unguwar. Hamsatu ce ke auna ruwan ƙaro, don ba wadda ta iya gane kaurinsa da ido kamar ita. Wata ta zana kaji a nata bangon, wata ta zana tafin hannun 'ya'yanta, har malamin lakwal, makarantar boko, ya aiko a tambaye ta ko za ta yarda ta duba masa bangon aji.