Sunanta Ajuji

"Allah Ya yi wa Hajiya Amina rasuwa. Za a yi jana'izarta bayan sallar Azahar a ƙofar gidanta."

Harira tana tsugune bakin murhu tana ɗumama ruwan wankan gawar lokacin da lasifikar masallacin layinsu ta faɗi haka. Ta bayan katanga ta ji wata maƙwabciya ta ce, "Allah Ya jiƙanta. Wace ce kuma Hajiya Amina?" Aka amsa mata, "Oho, ƙila cikin sababbin 'yan haya ce." Aka ci gaba da daka.

Ran Harira ya ɓaci. Tsohuwar da ke kwance a rufe, wadda ɗakinta ke jikin nata, babu wanda ya tashi a wannan yanki na Rafin Guza bai sha kokonta ba. Amma da Ajuji kowa ya san ta. Amina sunan yanka ne kawai, ko a asibiti in an kira shi sai an taɓa ta take waiwayowa.

Shekaranjiya da jiki ya tsananta tsohuwar ta kama hannun Harira. "Ɗiyata, kin san dalilin sunana?" Harira ta sha jin labarin, amma ta bar ta ta faɗa.

"Uwata wabi ta yi ta yi. Duk ɗan da ta haifa, kafin yaye an kai shi kushewa. Da aka haife ni sai kakata ta naɗe ni cikin tsumma, ta aje ni bisa juji, ta ce wa mutuwa ga shara nan, in shara kike ci. Sannan ta koma ta tsinto ni. To ga ni, haƙora sun ƙare, sai yanzu mutuwar ta gane hanya. Kada ki bari Tukur ya rufe ni da sunan da ban taɓa amsawa ba."

Tukur shi ne ɗanta tilo, babban ma'aikaci a cikin gari. Bai taɓa barinta da yunwa ba, amma sunan nan yana ƙona masa rai tun yana firamare, lokacin da yara ke ce masa ɗan bola.

Harira ta zura hijabi ta fita. A ƙofar masallaci ta tarar da shi tare da ladan, Malam Sanda. Tabarmin da aka shimfiɗa babu kowa a kai sai 'yan abokan aikinsa, kowa da waya a hannu.

"Malam, a sake sanarwa. Ba wanda ya gane."

Tukur ya juyo, idanunsa jawur. "Maman Umaima, don girman Allah. Wannan camfin mutanen da ne. Juji ba ya hana mutuwa. Da Amina za a tashe ta gobe kiyama."

"Ni ban ce juji ya raya ta ba, Alhaji, Allah ne Ya raya ta. Amma yau mutanen unguwa ne za su sallace ta, kuma ba su san wata Amina ba. Dubi tabarminka."

Malam Sanda ya shafa gemu ya kalli ƙasa. "Mai gawa shi ke da magana."

"Shi ke nan. Lasifikar taku ce, bakin nawa ne."

Ba ta jira amsa ba. Ta faɗa gidan farko ko sallama ba ta gama ba. "Iya Ajuji ta rasu!" Taɓarya ta tsaya cak, salati ya tashi. Ta shiga na biyu, ta shiga na uku, hawaye na zuba, ba ta tsaya sharewa ba. Ta leƙa shagon kafintoci, ta tsayar da mai Keke Napep ta ce ya kai maganar tashar Kawo, inda tsohuwar ta yi shekaru tana dama wa direbobi koko. Daga nan labarin ya riga ta gaba. Ta koma gida ta tarar wuta ta mutu, ta sake hurawa, su da matan gidan suka yi wa Iya wanka.

Kafin a kira Azahar layin ya toshe. Makanikai da baƙin mai a riga, masu kayan miya, teloli, har da waɗanda suka bar unguwar tuntuni. Sahu ya wuce masallaci ya kai bakin kwata.

Wani tsohon direba ya ratsa jama'a ya riƙe hannun Tukur da hannu biyu. "Kai ne ɗan Ajuji?"

Tukur ya dubi mutanen da suka cika layin.

"Ni ne," ya ce.

Harira tana tsaye a zaure aka ɗaga makara. A ƙarshen layin akwai jujin unguwa, awaki biyu suna tono a kai. Makarar ta bi ta gefensa a kafaɗun mutane, ta sha kwana, awakin ko ɗaga kai ba su yi ba.