Takun Tsuntsuwa a Shagon Takalma

Ai an gano shi, wallahi an gano bidiyon! In kun ji inda ya je ya maƙale kuwa, sai kun riƙe ciki.

Kun san dai Tsuntsuwa ta fara tafiya. Ta saki ƙafar kujera, ta taho tana tangaɗi har bakin firji, uwarta na ɗauka da waya. To shi baban yarinyar sana'arsa ke nan haɗa wa mutane shafin intanet, har gidansa ya haɗa wa ɗaya. Wai kowa ya ɗora abinsa a nan, shafin ne zai rarraba, hotuna su tafi rumbun wannan kamfani, bidiyo ya tafi na wancan. Uwar ta ɗora bidiyon, alama ta yi kore. Wayar kuma kullum kukan ta cika take yi, sai ta goge na ciki.

Washegari kakar yarinya ta kira, tana son gani. Maman Tsuntsuwa ta buɗe shafi, wayam!

"Baban Tsuntsuwa, ina bidiyona?"

"Yana nan, abu ba ya ɓata a rumbu."

"Wane rumbun? Rumbunan naka ai sun fi tukwanena yawa!"

Ya jawo kwamfuta kan teburin cin abinci. Ya buɗe na hotuna, babu. Ya buɗe na bidiyo, babu. Ya buɗe wani tsoho da ya ce ya daina amfani da shi, sai hoton takardar wuta. Ita tana tsaye a kansa da goyo, haushi kamar ta fashe.

"Ke ma me ya kai ki gogewa?"

"Au, ni ce ma mai laifin? Wa ya ce min kore na nufin ya shiga? Yaro sau nawa yake takun farko, Injiniya? Ko in ce mata ta koma rarrafe mu sake?"

Ya ci gaba da lalube, gumi har wuya. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Mai shagon takalma ne, wanda ya haɗa wa shafi kwanan baya.

"Malam, 'yar waye ce take yawo ba takalmi a saman shafina? Masu saye sai tambayata suke!"

Ashe da zai haɗa na gida, na mai takalman ya kwafo, ya manta bai canja makullin rumbun bidiyo ba. Abin ya bi tsohuwar hanya, ya faɗa cikin tallan mutane, tsakanin silifa da sau-ciki.

Maman Tsuntsuwa ta fizge wayar. "Don Allah Baba kar ka goge, turo min tukuna!"

Ya turo, har da alƙawarin ɗan takalmi ja, wai ba za a ce 'yar tallansa tana tafiya ƙafa a ƙasa ba. Injiniya ya miƙo hannu zai sake ɗora shi a shafi, ta maƙe kafaɗa ta ce ko kusa.

Duk wanda ya ji wannan ya gaya wa kakarta ta kwantar da hankali, bidiyo na tafe. Ku gaya wa gwaggonninta ma, kowa ya ajiye a wayarsa!